Shekarar da Aka Fitar da Kaskon Inna

Sanyin Jidda abin dariya ne ga wanda ya san sanyi. Alhazan da ke zuwa daga Kano da Damagaram sukan gan mu ƙudundune cikin mayafi biyu, su ce, "Au, wannan ne sanyin naku?" To, shi ne namu, kuma ya ishe mu. Iska ce ke tasowa daga arewa, ta biyo gefen teku, ta shigo lungunan Balad, tsohuwar unguwarmu, da laima a jikinta. Gidajen Balad kuwa da dutsen teku aka gina su, irin wanda ke shan ruwa ya riƙe. In aka yi ruwan sama sau ɗaya, sai a yi wata guda kana dafa bango kana jin danshinsa a tafin hannunka. Daga nan sai tari ya fara, gida-gida, har ya zagaye unguwa.

A hawa na uku muke, ni da Inna, a wani tsohon gida da masu shi suka tashi suka koma sababbin gidajen siminti na unguwar Bagdadiyya, suka bar wa irinmu ɗakunan. Ɗakinmu yana da roshan, wato tagar katako mai ƙananan ramuka, wadda ta turo kai waje bisa lungu, da faɗin da mutum zai zauna a cikinta har ya miƙe ƙafa. Da hantsi rana takan shigo ta ramukan nan ɗigo-ɗigo ta zuba a kan tabarma. In Inna ta kunna turare, hayaƙin ya ratsa hasken, sai kowane ɗigo ya zama zare, tun daga taga har ƙasa, yana motsi a hankali. Ina ƙarama nakan sa hannu in yanke zaren, ya sake haɗewa, in sake yankewa, har barci ya ɗauke ni a wurin. Har yau in na rufe ido ina neman gida, wannan nake gani.

Inna mai turaren wuta ce. Ba ita ta zaɓi sana'ar ba, gado ta yi. Kakata ta taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Hajji, ta yi shekaru tana tafe tana yada zango, ta haifi Inna a Sudan, ta ƙetaro teku ta iso Jidda ba ta da komai sai goyo a baya da haɗin turare a ka. Sandal, jawul, gajiji, farcen turare da ake wankewa a soya, sukarin da ake narkawa har ya yi ja. Kowa ya san sunayen nan, amma yawan da za a zuba na kowanne, wannan ba a rubuta shi a ko'ina ba. Inna ba ta da mudu, ba ta da cokali. Takan ɗebi kaɗan da yatsa uku ta barbaɗa a garwashi, ta sunkuya, ta lumshe ido, ta ja hayaƙin har can ciki, sannan ta ce a ƙara kaza, ko ta ce ya yi. Hancinta ne ma'auninta. Ba amaryar da za a kai ɗaki a cikin mutanenmu, daga Balad har Waziriyya, ba da kwalbar Inna a cikin kayanta ba.

Ni ce 'yarta ta fari, ni kaɗai ce kuma na rayu, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake a bakinta tun ina goye har na yi aure, auren ya mutu, na dawo mata da akwatina ina da shekara ashirin da 'yan kai. Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta ce, "Ke, ɗauko min gawayi." Iyakar abin da ta faɗa kan auren ke nan.

Abu ɗaya ke damun Inna, fuka. Duk shekara in iskar arewa ta taso sai ƙirjinta ya fara kuka, wata siririyar ƙara kamar ta butar shayi da ta kusa tafasa. Mu kuma mun san maganin, ko in ce mun ɗauka mun sani. Sanyi ne ya shiga, laima ce ta kwanta, to me ke korar laima in ba hayaƙi ba? Haka kakata ta yi, haka kowace tsohuwa a lungunmu take yi. A toshe taga, a kunna kasko, a zuba jawul, a lulluɓa wa mara lafiya mayafi ya sha hayaƙin. In ya yi tari har hawaye suka zubo, a ce alhamdu lillahi, ciwon ne ke fita.

A farkon shekarun saba'in, lokacin da aikin Hajji ya zagayo ya faɗo tsakiyar sanyi, na sami aiki a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, kusa da tashar jiragen ruwa. Ɓangaren mata aka sa ni. A takarda mai shara ce ni, amma bakina suka ɗauka aiki, don ina jin Hausa da Larabci duka biyu, kuma Allah bai rage ni da surutu ba.

Ban taɓa jin tari irin na shekarar nan ba. Jirgi ya sauke mutane, su kwana biyu a masauki a cunkushe, rana ta uku sai ga su a ƙofarmu. Matan Jawa, matan Turkiyya, matan Indiya, matan ƙasarmu, kowace da harshenta, amma tarin iri ɗaya. Gadajen ba su da yawa. Aka shimfiɗa barguna a baranda, baranda ta cika, aka koma tsakar gida, gindin wata darbejiya. Da safe in na shigo, hazon teku bai gama washewa ba, fararen mayafai ne zube ko'ina, suna ɗagawa suna sauka da numfashin masu su, jirage kuma na busa ƙaho can nesa. Nakan tsaya da tsintsiya a hannu in manta abin da ya kawo ni.

Babbar ma'aikaciyar jinya ta ɓangarenmu, wadda kowa ke kira Sista, doguwar mace ce daga Sudan, jikar Hausawa. Hausarta ta zube a hanya, ba abin da ya rage mata sai gaisuwa da zagi, amma tana ji sarai. Ita ta fara lura cewa fuskoki ɗaya ne ke dawowa. A sallami mace yau da sauƙi, jibi a kawo ta ranga-ranga. Sai ta shiga shinshina mayafansu kamar mai neman ɓarawo. Rannan ta ce da ni, "Yalla, maza, ajiye tsintsiyar nan, zo ki ara min bakinki."

Tun daga ranar, kullum da hantsi sai ta tsaya a gindin darbejiya ta yi magana da Larabci, ni kuma in juya wa matanmu da Hausa. Mai ciwon ƙirji kada ta kwanta rigingine, ta zauna ta jingina. Ta yawaita shan ruwan ɗumi. In numfashi ya matse, ta tsuke baki ta fitar da shi a hankali kamar mai hura koko. A bar taga a buɗe ko yaya ne. Gawayi a waje, turaren wuta a waje, kada hayaƙi ya zauna ɗaki ɗaya da mai tari. In kuwa ta kasa gama magana da numfashi ɗaya, ko leɓenta ya sauya launi, a kawo ta nan take. Sista takan ce duk wadda ta iya lura da ƙirjinta a masauki ta bar wa wata gado ke nan, ta kuwa kwashi lada tun kafin ta hau Arfa.

Kai, na iya faɗar maganar nan! Har gishiri nake ƙara mata. In riƙe ƙugu in ce, "Hajiyoyi, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Hayaƙi ba magani ba ne. Ku ji tsoron Allah ku daina banda ƙirjinku kamar kifi." Su yi dariya, su yi tari, su ce 'yar nan akwai baki. Ni kuwa kaina ya kumbura. In tashi aiki in bi lungu ina jin kaina rabin likita, in hau bene, in tarar da Inna a gaban kaskonta, in ce sannu da aiki, in zauna kusa da ita in miƙa mayafina a kan hayaƙin.

An sha tambayata yadda aka yi haka, ni ma na sha tambayar kaina. Ba ƙaryata Sista na yi ba. A raina dai maganar ta alhazai ce, masu sayen turaren kasuwa mai ƙauri, masu kwana su goma a ɗaki. Turaren Inna kuwa ban taɓa sa shi cikin sahun hayaƙi ba. A cikinsa aka haife ni, shi ne ƙamshin gida, shi ne ƙamshin uwata. Maganar tana shiga kunnena da Larabci ta fita bakina da Hausa, ba ta taɓa tsayawa a tsakiya mun gaisa ba.

Wata Alhamis aka yi ruwa, lunguna suka cika, bango ya jiƙe. Washegari Juma'a aka ba ni hutun wuni ɗaya, na farko cikin makonni. Tun safe ƙirjin Inna ke kuka, fiye da yadda na saba ji. Bayan azahar na ce yau zan yi mata jinya irin ta 'yar albarka. Na yayyaga tsohon zane, na bi ramukan roshan ina cusawa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda hannuna bai kai ba na rataye musu bargo, har ɗakin ya yi duhu da rana tsaka. Na hura gawayi ya yi ja. Na zuba jawul, na ga kamar bai isa ba, na ƙara. Na zaunar da ita, na tura kaskon gabanta, na lulluɓa mata babban mayafi.

Ta fara tari. Na ce alhamdu lillahi. Hannunta ya fito ta ƙarƙashin mayafin yana ture shi, na kama hannun na mayar, na danne gefen mayafin da gwiwata. Na ce, "Daure, Inna, ciwon ne ke fita." Da bakina na faɗi haka, bakin da jiya-jiya ya wuni yana wa matan duniya wa'azi. Hannun ya sake fitowa, na sake mayarwa. Sai tarin ya tsaya. Ƙarar butar ma ta tsaya. Na yi murna, wallahi murna na yi, na ɗauka sauƙi ne ya samu. Na ɗaga mayafin in ce mata kin gani ko, sai na ga bakinta a buɗe, leɓenta ya koma launin toka, idanunta a kaina. Tana so ta ce "ke", babu iskar da za ta faɗa da ita.

Ban san lokacin da na goya ta ba. Na tuna dai na ɗaure ta da zane a bayana yadda ta taɓa ɗaure ni, na sauko hawa uku ba takalmi, na bi lungu cikin ruwa har idon sawu, don mota ba ta shiga lungunan Balad. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Duk hanya ina jin ƙirjinta a gadon bayana yana ƙoƙarin buɗewa yana kasawa, ina ce mata, "Tsuke baki, Inna, hura a hankali, kamar koko." Sai a lokacin na ji maganar da kunnena. A bakin babban titi wani mai tasi ya tsaya tun ban ɗaga masa hannu ba.

Mustausaf a cike maƙil, ba gado, ba bargo, ba wurin sa ƙafa. Na tsaya a baranda da uwata a baya ina ihu da harshe biyu. Sista ta fito da gudu. Kafin ta taɓa Inna, sai ta tsaya cak, hancinta ya motsa. Ta dube ni sau ɗaya. Da marina ta yi da ya fi min sauƙi.

Wata tsohuwar Hajiya 'yar ƙasarmu, wadda ke kwance a gadon bakin ƙofa, ta yunƙura ta zauna, ta ce a kawo ta nan, ita ta ji sauƙi, za ta iya zama a ƙasa. Aka jingine Inna, aka yi mata allura, aka jawo tukunyar iska daga wurin wata mara lafiyar aka sa mata a hanci. Ina durƙushe ina riƙe da ƙafarta sai tsohuwar nan ta leƙo fuskata da kyau, ta shinshina, ta ce, "Ikon Allah! 'Yar nan, ba ke ce mai yi mana wa'azin hayaƙi ba?" Ba da mugunta ta faɗa ba, mamaki take yi. Na rasa inda zan sa fuskata, na kifa ta a kan ƙafar Inna na yi ta kuka.

Wajen la'asar sakaliya leɓen Inna ya fara dawowa. Ƙarar butar ta dawo, ban taɓa jin ƙara mai daɗinta ba. Sista ta ja ni bayan ƙofa ta yi magana ƙasa-ƙasa da Larabci. Ta ce matar da aka ɗauke wa tukunyar iska ita ma uwar wasu ce, tsohuwar da ke zaune a ƙasa ma haka. Ta ce, "Sau nawa kika faɗi maganar nan da bakinki?" Na ce ban sani ba. Sai ta ƙarasa da Hausa, da ɗaya daga cikin 'yan kalmomin da suka rage mata: "Sakarya." Ban musa ba.

Washegari da hantsi, ina ɓuya a bayan tsintsiya, ta kira ni gindin darbejiya kamar kullum. Na ce yau dai ta yi min afuwa. Ta ce, "Yalla." Na tsaya a gaban matan, tsohuwar Hajiya na zaune a sahun gaba da bargonta, ta zuba min ido. Sista ta fara, na juya, ta ci gaba, na juya. Da muka zo kan hayaƙi sai ƙugun da na saba riƙewa ya gagare ni. Na ce, "Hajiyoyi, waccan da kuke gani a gadon bakin ƙofa uwata ce, kuma ni na kawo ta nan da hannuna." Na faɗa musu duka, har da gwiwar da na danne mayafi da ita. Ba wadda ta yi dariya. Wata ma daga baya ta cusa hannu cikin jakarta ta fito da ƙullin jawul tana juya shi, kamar yau ta fara ganinsa.

Kwana uku Inna ta yi. Ranar da aka sallame ta, Sista da kanta ta raka mu, ta hau benen nan tana haki tana tsine wa wanda ya gina shi. Ta shiga ta fizge bargon, ta sa ni na zare tsummokaran ɗaya bayan ɗaya yadda na cusa su, haske ya dawo ɗigo-ɗigo. Ta ajiye wa Inna ƙwayoyi da wani ɗan abin shaƙa, ta nuna mata yadda ake dannawa. Sannan ta sunkuya ta ɗauki kaskon.

Inna ta ce, "Ajiye min kayana."

Inna na faɗa da Hausa, Sista na mayarwa da Larabci, kowace tana jin 'yar'uwarta, ni tafinta na tsaya a tsakiya kamar turmi.

Inna ta ce, "Uwata ta ɗauko abin nan a kanta tun daga inda ba ki taɓa gani ba. Da shi ta ciyar da ni, da shi na ciyar da wannan. Shekara nawa ina shaƙa bai kashe ni ba, sai yau ke 'yar jiya za ki ce min guba ne?"

Sista ta ce, "Hajiya, ban ce guba ba ne. Na ce ƙirjinki ya gaji. Bana wata baiwar Allah ta sauka ta ba ki gado. Baɗi ban san wa zai sauka ba."

Inna ta dubi kaskon a hannun Sista, tsohon kasko ne na ƙasa, bakinsa ya gutsure, ya yi baƙi da shekaru. Na ɗauka za ta juyo kaina ta ce ni ce na kusa kashe ta, ba turare ba, kuma da ta faɗa da ba ta yi ƙarya ba. Ba ta faɗa ba, ba a ranar ba, ba kuma daga baya ba. Ta ce kawai, "To in ban shaƙa ba, da me zan auna?"

Sista ta nuna ni da haɓa. "Ga hanci nan zaune a banza."

Haka sana'ar ta koma saman bene, a fili. Kafin a kunna wuta sai in tsaya in juya kuncina in ji inda iska ta fito. Inna ta zauna ta wajen da iskar ke zuwa, ta jingina da bango, ni in ɗauki kasko in tafi can ɗaya ƙarshen, yadda hayaƙin zai bar ta ya bi ta kan rufin maƙwabta ya wuce. Daga nan ana ganin teku, da jirage a jere suna jiran sauke kaya, da shanyar mutane tana kaɗawa, da tantabaru suna zagaya hasumiya su dawo. Wani lokaci yamma kan yi mana a nan, ruwan teku ya koma ja, kiran salla ya taso daga masallatai ɗaya na bin ɗaya. Ni in barbaɗa in sunkuya in shaƙa, ita ta ƙura wa hayaƙin ido daga nesa.

"Ke, farce ya yi yawa."

"Inna, daga can kika ji?"

"Ba ki ga yadda yake tashi a murɗe ba? Rage."

In rage, in sake shaƙa, in tarar gaskiyarta ce, haushi ya kama ni. Mun yi faɗa a saman benen nan ba iyaka. Ta ce hancina na jaki ne, na ce ai ba a kasuwa na samo shi ba. Kwalaben farko da na haɗa, wata uwar amarya ta dawo da su, ta ce wannan ba hannun Inna ba ne. Sai a shekara ta biyu aka daina ganewa, ko kuma aka daina faɗa.

Labari ba ya kwana a Balad. Mata suka ji cewa mai turare da kanta ta fitar da kaskonta daga ɗaki. Duk wadda ta zo karɓar kwalba sai Inna ta tsare ta: a turara ɗaki da kaya, a buɗe taga, sannan mai tari ya shiga, kada a kuskura a lulluɓe kowa. Abin da na yi ta ɗaga murya a kansa a gindin darbejiya, ita daga zaune take faɗa sau ɗaya a ji. Sanyin da ya biyo baya, in ka bi lungunmu da yamma sai ka ga kasake a bakin ƙofofi da kan matakala suna hayaƙi su kaɗai. Sista ta ce tsofaffin lungunmu sun rage yi mata sintiri, har ta fara kewar masifarsu. Inna kuwa ba ta ƙara kwana a mustausaf ba. Fukar takan zo duk shekara, ta zauna ta jingina a cikin roshan, ta tsuke baki tana hurawa, ta danna abin shaƙarta, abin ya lafa.

Kada a ce ba ta ji ciwon rabuwar ba. Ta ji, ni ma na ji mata. Rannan na dawo aiki da wuri na tarar da ita zaune da wata tsohuwar kwalba da ba komai a ciki, ta kanga murfin a hancinta, idonta a rufe. Ta ji motsina ta tura shi ƙarƙashin cinya, ta ce me nake kallo. Na ce ba komai. Na shiga wanke tukunyar da na riga na wanke tun safe.

Kwalba ɗaya ta rage cikin haɗinta na ƙarshe, wanda ta auna da hancinta kafin Juma'ar nan. Ta toshe bakinta da kakin zuma, ta naɗe ta cikin farin ƙyalle, ta sa a ƙasan akwati tare da likkafaninta. A wurinmu akan turara likkafani kafin a sa wa mamaci. Ta ce, "Ke, wannan tawa ce. Ranar kada ki sa min naki, ba na son in tafi da warin farce."

Sanyi bakwai ta ƙara gani. Ba ma ƙirjin ne ya ɗauke ta ba, kuma ba cikin sanyi ba. Tsakiyar zafi ne, da sassafe, ta ce kanta na juyawa, ta jingina a cikin roshan, ta ce in ba ta ruwa. Kafin in juyo da moɗa ta tafi.

Mata suka cika ɗakin. Sista ta zo, ita ma girma ya kama ta, ta hau benen tana hutawa a kowane hawa, ba ta tsine wa kowa ba. Aka yi wa Inna wanka, aka shimfiɗe ta a tsakiyar ɗaki, aka rufe ta da zane, aka warware likkafanin kusa da ita. Wata ta ce a kawo turare. Na buɗe akwati na ciro kwalbar, na kankare kakin da wuƙa. Na hura gawayi a tsohon kaskon. Ina barbaɗawa sai ƙamshin ya tashi. Shekara bakwai ban ji shi ba, sai a ranar na san nawa bai taɓa kamo ƙafarsa ba.

Sai na miƙe da kaskon a hannu, na juya kuncina in ji inda iska take. Ta roshan take shigowa. Na ratsa mata na nufi ƙofa, na fita har kan matakala.

Sista ta ce, "Ina za ki da shi?"

Na ce, "Zai shigar mata ƙirji."

Ni kaina sai da na faɗa na ji abin da na ce. Na tsaya a kan matakala, kaskon na ƙona min hannu, na kasa gaba na kasa baya.

Sista ta taso ta kama ni ta gwiwar hannu. Da Hausa ta faɗa, ban san inda ta samo kalmomin ba. "Kawo mata. Halas. Kayanta ne."

Na dawo na ajiye shi daidai kanta, kusa, yadda take so. Mata biyu suka ɗaga likkafanin a kan hayaƙin. Hantsi ya yi, rana na shigowa ta ramukan roshan, zaren nan suka fito ɗaya bayan ɗaya, tun daga taga har kan zanen da ke rufe da ita, suna motsi a hankali. Na zauna a gefenta, na dafa hannunta ta saman zane, hannun da na taɓa mayarwa sau biyu, ina sauraro ko za ta yi tari.